Tambaya da Amsa: Mun Tara Kuɗin Zuwa Kallon Opera, Masar Za Mu Nufa ko Italiya?

Wasiƙu uku suka zo mini a kan magana ɗaya, wato tafiya kallon opera, wasan kwaikwayon da ake rera shi da kiɗa, biyu daga nan Bauchi, ɗaya daga Gombe, sai na haɗa su na ba su filin wannan wata. Masu sauran tambayoyi a yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiya ta tsofaffin ɗalibai da muka yi kulob ɗin wasan kwaikwayo tare a sakandare. Mu goma sha shida ne, maza goma, mata shida, ƙaraminmu ya haura shekara 45. Shekara uku ke nan muna zubi duk ƙarshen wata. Mun je Yankari sau biyu, mun je Kano da Jos, yanzu muna son mu fita waje mu kalli opera da idonmu, mu kuma zaga gari. To kai ya rabu. Wasu sun ce Italiya, tunda can ne tushen abin, wasu sun ce Masar. A zamanmu na ƙarshe sai da shugaba ya tashi taro ba a rufe da addu'a ba. Mun ji kun taɓa jagorantar irin wannan tafiya. Ina za mu nufa, kuma ta ina za mu fara?

Daga Sakatare, Fadaman Mada, Bauchi

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ba zan ja ka da nisa ba: ku tafi Alƙahira. Italiya ku ajiye ta sai karo na biyu, in Allah ya kai rai. Na san 'yan ɓangaren Italiya za su ce ka riga su zuwa wurina da goro, to ga dalilaina su auna da kansu.

Na farko biza. Italiya tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka haɗu a kan biza ɗaya, kuma ofishin jakadanci ba ya kallon ƙungiya, mutum ɗaya-ɗaya yake tantancewa. Kowa zai kai bayanin asusunsa na banki na watannin baya, da shaidar aiki ko fansho, da inshorar lafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba, da shaidar masauki da ta dawowa. Kuɗin bizar Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da na kamfanin da ke karɓar takardu, kuma in aka hana mutum ko kwabo ba a mayar masa. A 'yan shekarun nan sama da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya da suka nema hana su aka yi. Ɗauki biro ka buga lissafin da kanka. Cikin ku goma sha shida, mutum nawa za a bari a Bauchi suna kallon hotunanku a WhatsApp, bayan zubinsu na shekara uku ya shige cikin kuɗin otal da ba a mayarwa? Kuma galibi wanda za a hana shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda fasfonsa ko tambari ɗaya babu, wanda ya fi kowa ɗokin tafiyar. Na ga yadda irin wannan ya raba mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya tun suna fom wan.

Masar ma sai da biza, a ofishin jakadancinsu da ke Abuja, da katin rigakafin shawara, kuma kada wani ya ce muku kyauta ake rabawa. Amma hanyar ta fi gajarta. Jirgin EgyptAir na tashi daga Kano da Abuja kai tsaye, awa huɗu zuwa biyar kun sauka. Mu mota muka ɗauka shata daga Bauchi muka bi ta Ningi zuwa Kano, muka kwana, washegari muka tashi.

Na biyu, maganar tushe. Gaskiya ne Italiya ce mahaifar opera. A birnin Fulorans aka fara ta wajen shekarar 1600, a gidajen sarauta da na attajirai, sannan a 1637 aka buɗe gida na farko a Benis da kowa zai biya kuɗi ya shiga. Amma wanda ya ɗauka Masar 'yar kallo ce a wannan harka bai bibiyi tarihi ba. Hidiwi Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin, ya gina gidan opera a Alƙahira a 1869, shekarar da aka buɗe mashigin ruwa na Suwez. Shi ne kuma ya sa aka biya Giuseppe Verdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, faran 150,000 ya tsara opera mai suna Aida, wadda har gobe tana cikin waɗanda aka fi nunawa a duniya. A Alƙahira aka fara nuna ta ranar 24 ga Disamba 1871, Milan ta Italiya ba ta gan ta ba sai Fabrairun 1872. Da ma za ta riga haka fitowa, yaƙin Faransa da Jamusawa ne ya tsare ta, don tufafin wasan da kayan adon dandamali sun maƙale a Faris lokacin da aka yi wa birnin ƙawanya. Za ku ji 'yan rakiya na cewa don bikin buɗe Suwez aka yi ta. Ba haka ba ne, da wata operar Verdi mai suna Rigoletto aka buɗe wancan gidan. Ginin kuwa katako ya fi yawa a jikinsa, gobara ta cinye shi a 1971, yau garejin motoci ne mai hawa-hawa a wurin, sai sunan dandalin kawai ya rage. Wanda za ku shiga sabo ne, yana tsibirin Jazira a tsakiyar Nilu, Japan ce ta gina shi kyauta aka buɗe a 1988, babban zaurensa na cin mutum kamar 1,200.

To ga inda muka fara yin tuntuɓe, don kada ku bi sawunmu. Sunansa gidan opera, amma ba kullum ake opera a cikinsa ba. Yawancin dararen kiɗan Larabawa ne, ko na goge-gogen Turai zalla ba waƙa, ko rawar Turawa da ake kira bale. Opera sukutum 'yan kwanaki take yi a jere sai a sauke ta. Mu malaman makaranta ne, sai muka tsayar da rana a hutun Agusta, har mun fara sallamar dangi, sannan muka gano zangon wasanninsu daga kaka yake farawa ya ƙare farkon bazara, Agusta babu abin da muke nema. Dole muka ɗaga zuwa lokacin sanyi. Saboda haka jerin aikin shi ne: ku fara duba jadawalin gidan a intanet, ku tsayar da daren da kuke so, ku kama kujerunku, sannan ku nemi jirgi da otal su zagaye wannan daren. Wanda ya fara da jirgi zai ƙare da kallon abin da ya tarar. Ku kuma duba kada ranar ta faɗa cikin azumi, don jadawalin yakan sauya.

Abu mafi amfani da zan gaya muku kuwa ko sisi ba ya ci: ku san labarin kafin ku bar Bauchi. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe, babu magana zalla, kuma Aida da Italiyanci ake yin ta. Wanda bai san inda aka dosa ba, awa uku zai yi yana kallon mutane na buɗe baki. Mu sai da muka yi zama uku a tsakar gidana a Yelwa, bayan isha'i, da shayi da masa, ina ba da labarin muna sauraren waƙoƙin a waya. Ku da kuka yi wasan kwaikwayo, ku raba matsayi ku taka shi da Hausa ma, ba abin da zai fi wannan zaunar da shi.

Ga shi a gurguje. Aida 'yar Sarkin Habasha ce da aka kamo a yaƙi, tana kuyanga a hannun Amneris, 'yar Fir'auna, ba wanda ya san asalinta. Su biyun Radames suke so, sarkin yaƙin Masar, shi kuwa kuyangar yake so. Aka tura shi yaƙi da Habasha ya ci nasara, ya dawo da bayi, cikinsu har da Amonasro, mahaifin Aida, wanda ya ɓoye cewa shi ne sarki. Fir'auna ya ce tukuicin nasara shi ne ya ba shi 'yarsa. Uban ya matsa wa Aida sai ta jiyo masa hanyar da rundunar Masar za ta bi, Radames ya yi suɓul da baka, aka kama shi da cin amanar ƙasa, aka yanke a rufe shi da rai a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da aka jawo dutse aka toshe, sai ya tarar Aida ta riga shi shiga ta ɓuya. Ina gama ba da labarin wata Hajiya cikinmu, tsohuwar malamar lissafi, ta ajiye kofi ta ce, "Malam, duk wannan kuɗin da muka tara, ashe rigimar kishi za mu je kallo?" Ba ta yi ƙarya ba.

Daren kansa, zan faɗa maka gaskiya. Rabin awar farko kunnena bai karɓa ba. Muryar macen da ke can sama ji nake kamar guɗar da ta ƙi ƙarewa. Sai daga baya na lura da abin da ya ɗaure mini kai: babu lasifika. Makaɗa fiye da hamsin suna cikin rami a gaban dandamali, mai sanda yana tsaye yana juya su, ga 'yan amshi cike da fage, amma muryar mutum ɗaya tana ratsa su duka ta iso mana a sama inda muka sayi kujeru masu sauƙi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin fada yana jefa waƙa a kan taushi da kotso ba tare da na'ura ba, zai gane irin horon da ke bayan wannan.

A kashi na biyu akwai shigowar mayaƙa bayan nasara. Verdi ya sa an ƙera wasu dogayen ƙahonni miƙaƙƙu musamman don wannan wurin, kuma wallahi in ka gan su kakaki za ka ce. Dattijonmu, tsohon hedimasta, tun kashi na farko barci ya sace shi, kansa ya langaɓe a kafaɗata. Ana busa su ya zabura ya dafe hula, da ƙarfi ya ce, "Sarki ya fito?" Wani Bamisire a gabanmu ya waigo ya ɗora yatsa a baki. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure da wannan ake gaishe shi. Amma ni a ganina shi ya fi mu fahimtar wurin, don hawan salla ne sak: jerin dakaru, ganima, bayi, sarki a zaune ana kawo gaisuwa. Ƙarshen kuwa ba hayaniya. An raba dandamali sama da ƙasa, su biyu suna mutuwa a hankali a ƙasa, Amneris a sama tana roƙon salama, sauti na raguwa har ya ɗauke. Hajiyar lissafin nan da ta raina abin, ita na gani tana goge ido da gefen mayafi.

Zagayen gari kuma, kwana shida ya ishe ku. Dokar da muka bi bayan mun sha wuya a rana ta farko ita ce babban wuri ɗaya da safe, hutu bayan azahar, ƙaramin wuri da yamma. Cunkoson motocin Alƙahira ba irin na Wunti ba ne, tafiyar da taswira ta ce minti ashirin sai ta ci awa, kuma gwiwar ɗan shekara hamsin ba ta san an biya kuɗin jirgi ba. Ranar opera kada ku sa komai bayan azahar, kowa ya kwanta.

Dalar Giza da sassafe. Babbar, ta Fir'auna Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146, kuma duk hoton da ka gani bai shirya ka ba. Masu raƙuma za su yi muku caa. A gama ciniki kafin a hau, a kuma faɗa ƙarara cewa kuɗin ya haɗa da saukowa. Kusa da wurin akwai sabon babban gidan tarihi da aka yi bikin buɗewa a Nuwamban 2025, can aka mayar da kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun. Gawarwakin sarakunan kuwa tun 2021 suna wani gidan tarihin a Fusɗaɗ. Za a nuna muku Ramsis na Biyu a ce shi ne Fir'aunan Annabi Musa, masana ba su haɗu a kan haka ba. Mutum biyu cikinmu sun ce ba su zo kallon gawa ba, suka zauna a waje, ba wanda ya tilasta su.

Amma ranar da ta fi zauna mini ita ce ta tsohon gari. Masallacin Amru ɗan As, na farko a Masar, tun shekara ta 21 bayan hijira. Na Ibn Ɗulun da aka gama a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje. Ganuwar Salahuddin a kan tudu, inda ake hango birnin duka. Sai Azhar, wadda aka aza harsashinta a 970. A nan nake so ku tsaya ku tuna mu 'yan arewa maso gabas ba baƙi ba ne a wannan birni. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikiyya a Alƙahira, inda alhazansu ke sauka, kuma a cikin Azhar an yi sashen kwanan ɗalibai da ake kira da sunan Barnawa. Har yau yaranmu na karatu a can da yawa. Wani ɗalibi ɗan Azare ne ya zagaya da mu, ya yi mana tafinta, ya hana a yanke mu a kasuwar Khan Khalili. Ku nemi irinsa tun daga gida, ku kuma yanka masa hakkinsa a fili, kada a sallame shi da "Allah ya yi albarka" kawai.

Abinci ba matsala. Ga ful, wato wake, ga ɗa'amiyya mai kama da ƙosai, ga koshari, shinkafa da taliya da adas, wani ƙanƙanin wake, a kwano ɗaya. Abin da suke kira karkade zoɓonmu ne. Ku dai tafi da yaji, don nasu ba ya jin magana. Ku tafi da rigar sanyi kuma, daren Disamba a bakin Nilu ya fi na Jos cizo.

Saura kuɗi, inda zumunci ke karyewa. Zubin da ke ajiye da naira narkewa yake yi kamar ƙanƙara. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,400. Ku mayar da abin da kuka tara dala a asusun ƙungiya mai sa hannun mutum uku. Ku rubuta a takarda, kowa ya sa hannu: me asusu zai biya, me mutum zai biya daga aljihunsa, nawa za a mayar wa wanda ya fasa, kuma daga wace rana ba a mayarwa. Ku ware wani abu na ko-ta-kwana. Kamfanonin jirgi kan ɗauki mutum goma zuwa sama a matsayin ayari, a nemi farashin ayari. Mu wani eja ya miƙo mana takardu masu kyan gani, ashe kujeru ya kama bai biya ba, saura kwana tara muka gano, sai da muka kwana biyu a ƙofar ofishinsa. Duk takardar da aka ba ku, ku shiga shafin kamfanin jirgin da lambarta ku ga lambar tikitin kowa da idonku. Kai Sakatare ka karɓi fasfo ɗin kowa yau ka duba, wanda bai da sauran wata shida ya je ya sabunta, ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin hawan jini da na suga a jakar hannu. Masu minshari kuma a haɗa su ɗaki ɗaya tun daga gida, kada kunya ta hana.

'Yan Italiya, ban manta da ku ba. In kun dawo da tambarin Masar a fasfo kuka ga har yanzu kuna shiri da juna, birnin Berona za ku nufa. Na je sau ɗaya, 'yata ce ta kai ni. A can akwai filin wasa na dutse da Rumawa suka gina a ƙarni na farko, babu rufi, kuma tun 1913 ake opera a cikinsa kusan duk bazara, da Aida ma aka fara, don cikar Verdi shekara ɗari da haihuwa. Daga Yuni zuwa farkon Satumba ne, ana farawa wajen tara na dare a tashi bayan sha biyu. Kujeru masu sauƙi matakalar dutse ce da ta sha rana wuni guda, sai da matashi. In ruwa ya sauko makaɗa kan kwashe gogensu su gudu, a jira. Daga can Benis da Milan kowanne awa ɗaya da 'yan mintuna ne a jirgin ƙasa. Amma wanda kuka san zuciyarsa na raya masa ya sulale in an sauka Turai, kada ku sa shi a jeri ko da ƙanin shugaba ne. Mutum ɗaya ya ɓace, sunan sauran sha biyar ya ɓaci.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ƙungiyarmu ta mata ma'aikatan lafiya ce ke shirin irin wannan tafiya. Maigidana bai hana ba, ƙanena ma zai raka ni, amma yayata ta ce wurin bai dace da matar aure ba. Me ake yi a ciki tsakani da Allah? Yaya salla da abinci?

Daga wata Hajiya, Tumfure, Gombe

AMSA

Hajiya, barka kadai. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, wannan ki kai wa malaminki. Abin da zan iya shi ne in gaya miki abin da ke ciki ba ragi, don ki kai masa tambaya cikakkiya.

Akwai kayan kiɗa daga farko har ƙarshe. Maza da mata na waƙa a fage ɗaya, wani lokaci a riƙe hannu ko a rungumi juna. A Aida akwai rawa kaɗan, akwai kuma inda bokayen Masar ta dā ke kiran abin bautarsu, a matsayin labari. Shigar 'yan wasa ta danganta da wanda ya shirya: wani ya rufe su ruf, wani a Turai ya yi abin da za ki sunkuyar da kai. Gidajen kan sa hotunan shirin a shafinsu, ki duba kafin a sayi tikiti. Masu kallo kuwa kowa na kujerarsa a cikin duhu, ba rawa, ba hira, ba cuɗanya. A Alƙahira mata masu lulluɓi sun cika zauren, ba wanda zai kalle ki sau biyu. A Turai ana sayar da giya lokacin hutun tsakiya, a wani zaure daban, wanda bai je ba ba ruwansa.

A ayarinmu mutum ɗaya ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba. Muka mayar masa da kuɗin tikitinsa, ya yi darensa a masallacin Husaini, muka haɗu a otal kowa na ba da labarin abin da ya gani. Ku rubuta wannan a dokokinku, kuma kada a yi wa kowa dariya a kai, ko wadda ta shiga ko wadda ta ƙi.

Salla a Alƙahira ba wuya. Da sanyi magariba wajen biyar take, isha'i kafin bakwai, wasa kuwa galibi sai wajen takwas, kin idar kafin ki fita. Berona ce mai sarƙaƙiya, don a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara, daidai lokacin da ake farawa. Ki tambayi malam hukuncin haɗa salla, ki kuma gaya masa kwana nawa za ku yi, don a Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ƙasaru ta faɗi a kansa. Abinci in Italiya ce, ki haddace kalmar maiale, alade ke nan, kuma prosciutto da pancetta da speck duk shi ne. Shinkafar da Berona ke alfahari da ita ma da giya ake dafa ta. Kifi da taliya mai tumatir sun riƙe ni kwana biyar lafiya lau.

Yayarki kuma kada ki yi musu da ita. Ki zauna ki ba ta labarin Aida, ki ga ko ba za ta tambaye ki yadda aka ƙare da 'yar sarkin ba.

TAMBAYA

Baba, ni ne ƙarami a tafiyar da iyayenmu ke shiryawa, ni zan riƙe musu jaka. Zan iya shiga da babbar riga? In waƙa ta yi daɗi ana liƙi? Ina so in ɗauko bidiyo in sa a TikTok.

Daga wani ɗalibi, Gwallaga, Bauchi

AMSA

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da riƙon jaka. Liƙi babu. Ka taso da kuɗi ka nufi dandamali, kafin ka kai rami masu gadi sun kai ka waje. Tafi ake yi, shi ma sai mawaƙi ya dire, in ba ka gane wurin ba ka jira wasu su fara. Bidiyo an hana yayin wasa, wayar ma kashe ta ake yi. Ka yi hotonka a harabar gidan da lokacin da 'yan wasa suka fito gaisuwar ƙarshe. Ka kuma kai su Baba da wuri, don in aka rufe ƙofa sai an kai hutu ake barin wanda ya makara ya shiga. Biyu cikinmu sun tsaya cinikin turare, kashi na farko a waje suka ji shi.

Tufafi, dokar babban zauren Alƙahira ga maza kwat ce da laktaye. In kana son babbar riga ka rubuta musu tun da wuri ka riƙe amsarsu a waya, amma ka sa kwat a jaka. Mu duka kwat muka sa. Ta hedimasta tun ta zamanin da yake karɓar albashi a ambulan ce, warin kafur na tashi, maɓalli ɗaya kawai ya yarda ya shiga. Ka kuma roƙi su Mama su sassauta ɗaurin ɗankwali a wannan daren. Wata cikinmu ta kafa nata kamar za ta kamu, matar da ke bayanta ta yi ta leƙe hagu da dama har aka je hutu, sannan ta taɓa kafaɗarta, ta ce da Larabci ɗaurin ya yi kyau ƙwarai, ko za su yi musayar kujera.